Tsohon agogon nutso mai haɗe-haɗen kaya: me ya rage na asalinsa, kuma nawa zai yi?

Tun da farashin tsofaffin agogunan hannu ya fara yawo a wayoyi, mutane a Birnin Kebbi da Jega da Argungu da Yawuri suka koma binciken akwatunan iyayensu. Mutum zai ga bidiyon an sayar da Rolex ko Omega irin na mahaifinsa a kan dubban daloli, ya ɗauko na gida ya tura hotonsa ga dillali a Kano ko Legas ko Dubai. Amsar da ke dawowa kusan iri ɗaya ce: agogon na gaske ne, amma ba cikakke ba ne. Sai a yi masa tayin da bai kama ƙafar abin da ya gani ba, ya ce albarka, ya tafi yana zargin an so a cuce shi.

Wani lokaci cutar aka so yi. Sau da yawa kuma dillalin gaskiya ya faɗa. Kuma ba talaka kaɗai abin ke ruɗawa ba. A watan Nuwamba 2021 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a birnin Jeniba a kan faran na Siwizalan sama da miliyan 3.1, kuma kamfanin Omega da kansa ne ya saya don gidan tarihinsa. A watan Yuni 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗin gambiza ne, an tattaro sassansa daga agoguna daban-daban, ya kuma zargi tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Wannan ba agogon nutso ba ne, amma ciwon ɗaya ne, kuma agogon nutso ma bai tsira daga gare shi ba.

Mene ne agogon nutso

Agogo ne da aka ƙera don mai shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska ya san minti nawa ya yi a ƙasa. Ana gane shi da zobe mai lambobi da ke juyawa a kewayen gilashi, da murfin baya mai ɗauri irin na noti, da alamomi manya masu haske a duhu. A mafi yawansu kan da ake saita lokaci da shi ma murɗe shi ake yi ya kulle. Blancpain Fifty Fathoms da Rolex Submariner sun fito a 1953, Omega Seamaster 300 a 1957, Seiko kuma ya fitar da nasa na farko a 1965. A yau ƙa'idar ISO 6425 ta ce sai agogo ya jure zurfin mita 100 aƙalla kafin a kira shi na nutso, amma tsofaffin da ake magana a kansu da yawa sun girmi ƙa'idar.

A nan yankin, yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba. Tsarabar Makka ce, ko sayayyar ma'aikaci da ya je kwas Ingila, ko kayan gwanjo da suka biyo ta Kwatano. 'Yan su na Argungu da Sarkawan Yawuri ba su taɓa buƙatar agogo don nutso ba. Alhazai da malaman makaranta da sojoji ne suka ɗaura shi, saboda ƙarko.

Tsakanin na asali da jabu akwai matakai

A kasuwa tambaya ɗaya ake yi: orijinal ne ko jabu? Masu tara tsofaffin agoguna ba haka suke rarrabawa ba.

Mafi daraja shi ne wanda kowane sashensa shi ne wanda ya baro masana'anta da shi. Daga shi sai wanda aka canza masa wani abu, amma da kayan kamfanin na wannan samfuri kuma na wannan zamani, misali hannun daƙiƙa ya karye aka samo irinsa daga wani agogon sa'ansa. Sai wanda kamfanin da kansa ya sa wa sababbin kayan gyara lokacin sabis, bayan shekara 20 ko 30. Kayan na gaske ne, amma ba na zamaninsa ba ne. Sai haɗin gambiza, wanda Turawan harkar ke kira Frankenwatch: jiki daga nan, inji daga can, fuska daga wani samfurin, agogon da bai taɓa fita daga kowace masana'anta a wannan kama ba. Ƙasa da shi akwai wanda aka cusa wa kayan kwaikwayo da wasu suka ƙera, ko aka sake yi wa fuskarsa fenti. Can ƙarshe ne jabu tsantsa yake.

Agogon mamaci da ya sha hannun masu gyara shekara 40 galibi yana tsakiya ne, kuma iyakokin ba su da kaifi. Akwai misalin da masu tarawa suka sani sosai: wani kamfanin sayar da kayan gyara a Ostareliya, Watchco, ya riƙa haɗa Seamaster 300 daga sababbin kayan gyara na Omega, da injinan da aka ciro daga tsofaffin Omega. Babu jabu ko ɗaya a jikinsa, amma Omega bai ƙera shi ba. Ana sayensa har yau, da sunansa, a farashinsa, wanda ke ƙasa da na tsohon asali.

Yadda kayan suka cakuɗe

Dalili na farko ba mugunta ba ne. A shekarun 1960 da 1970 agogon nutso kayan aiki ne. Idan aka kai shi sabis, kamfani kan cire fuskar da ta koɗe, ya canza hannuwa da zobe, ya goge jikin ya yi ƙyalli, mai shi ya karɓa yana murna. Babu wanda ya yi tunanin wata rana za a biya kuɗi don koɗewar.

Na biyu rashin kaya ne. Mai gyaran agogo da ke zaune da ɗan akwatin gilashinsa a bakin kasuwa ba shi da hanyar samun hannun Omega na 1966. Abin da ke gabansa gwangwani ne cike da matattun agoguna, sai ya tona ya ɗauko wanda ya shiga. Idan inji ya ƙi tashi, hanya mafi sauƙi ita ce a cire shi a sa na batir mai araha. In ƙafafun da ke riƙe fuskar ba su dace da sabon injin ba, a yanke su a manna da gam. Zafi da ƙurar hunturu da gumi suna cinye robar da ke tare ruwa, mai agogo kuma ya ci gaba da alwala da shi don an ce masa ba ya jin ruwa, har raɓa ta kwanta a cikin gilashi, tsatsa ta kama. Kowane irin wannan haɗari, wani sashe na asali ya tafi.

Na uku ne na ganganci, kuma ya zo ne bayan da farashi ya tashi. Da zarar fuska ɗaya ta fi sauran agogon tsada, an samu dalilin ƙera ta. Akwai tsofaffin Seiko masu yawa da ake gyarawa a Filifin da fuska da hannuwa da zobe na kwaikwayo, da kuma waɗanda ake sake wa fenti a Indiya a watsa su a intanet. Na Rolex kuwa kwaikwayon ya kai inda ake tsufar da sabon kaya da gangan don ya yi kama da na da.

Abin da ake dubawa

Lamba ce farko. Duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar mota ya san ana gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke takarda. A nan ma haka ne, sai dai a mota sabon kaya ƙara kuɗi yake, a tsohon agogo rage shi yake. A tsofaffin Rolex sai an cire sarƙa: lambar samfuri tana tsakanin kunnuwan sama, wato ƙarafan da ke riƙe sarƙar, wajen ƙarfe 12, lambar agogon kansa tana tsakanin na ƙasa, wajen ƙarfe 6. Da ita ake ƙiyasta shekarar ƙira. Har zuwa farkon shekarun 1970 kamfanin kan buga rubu'in shekara da shekarar a cikin murfin baya, kamar II.65. A Omega na wancan zamani lambar tana jikin inji, lambar samfuri kuma a cikin murfi.

Seiko ya fi sauƙin karantawa, kuma shi ya fi yawa a gidajenmu. A bayan murfi akwai lamba mai kashi biyu, kamar 6309-7040: huɗun farko inji ne, na biyun jiki. Idan aka buɗe, dole a ga 6309 a rubuce a kan injin, kuma ƙaramin rubutun da ke ƙasan fuska shi ma da ita yake farawa. Sai lambar agogon: harafin farko lambar ƙarshe ce ta shekarar ƙira, na biyu wata, inda O da N da D ke nufin Oktoba da Nuwamba da Disamba. An ƙera 6309 na nutso daga 1976 zuwa 1988, don haka wanda ya fara da 9N na Nuwamba 1979 ne. Akwai tarko ɗaya: duk wannan shaida a murfi take, murfi kuwa ana ɗauke shi daga wani agogon a ɗaura wa wani cikin minti ɗaya.

Bayan an san shekara, sai a tambayi kowane sashe ko ya dace da ita. A nan fuska ce sarauniya. Ɗauki Submariner 5513, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1989. Na farkon suna da fuska mai sheƙi da rubutu ruwan zinare, har wajen 1967. Daga nan aka koma baƙa mara sheƙi da farin rubutu, har wajen 1984, sannan aka dawo da mai sheƙi da zobban farin zinare kewaye da alamomin awa. Har rubutun zurfi ya canza: da farko mita ke gaba, 200m = 660ft, daga wajen 1969 aka juya shi. To idan lamba ta ce 1965, fuska kuma tana da zobban ƙarfe kewaye da alamomi, an canza ta. Mai yiwuwa Rolex ne da kansa ya canza, amma an canza.

Hodar da ke haske a duhu ita ce shaidar da ta fi wuyar saya. Har farkon shekarun 1960 da radiyam, wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya, ake yin ta. Daga nan aka koma tiritiyam, ana rubuta T a ƙasan fuska, kamar T Swiss T ko Swiss T<25. Wajen 1998 aka bar shi aka koma LumiNova, wanda ba ya fitar da tururin nukiliya, haske yake sha ya mayar. Ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi duk shekara 12.3, wato bayan shekara 50 abin da ya rage bai wuce kashi 1 cikin 16 ba. Saboda haka agogon 1970 da ke ci bal-bal cikin dare ba lafiyarsa ce ta kawo haka ba. An sake masa hoda ko an canza fuskar. Ƴar tocilar da ake duba jabun kuɗi da ita tana taimakawa: tsohon tiritiyam kan ɗan yi haske ya mutu nan take, sabuwar hoda kuwa ta riƙe. Idan hannuwa suka riƙe haske, alamomin fuska suka mutu, ba tare suka taso ba. Ko da ido ma ana gani, don tsohuwar hoda kan rine ta koma ruwan madara ko ruwan ƙwai, sai a ga hannuwa fari fat a kan fuska mai launin tsufa.

Na radiyam kuwa a yi hattara da shi. Haskensa ya mutu amma gubarsa na nan, don sai bayan shekara 1,600 take raguwa da rabi. Ba a kankare shi, ba a hura masa iska da baki, ba a barinsa buɗe a ɗaki.

Jiki kuma gogewa ce ke kashe shi. Kunnuwan tsohon Submariner suna da kauri da ɗan yanka mai kaifi a gefe. Duk gogewa da inji tana cin ƙarfe, har kunnuwa su sirance, gefuna su dulmuye, wani ya fi wani. Ƙarzuwa ana haƙuri da ita, ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa sai da walda, ita ma waldar masu tarawa suna ƙirga ta cikin aibi. Inji shi ne na ƙarshe: a buɗe a ga suna da lamba. Hannun daƙiƙa mai tsalle ɗaya-ɗaya a agogon da ya kamata ya riƙa tafiya sumul alama ce ta an sa na batir, ko da yake Seiko ya yi na nutso mai batir na asali, kamar 7548 da ya fito a 1978.

Ba kowane saɓani ne haɗi ba

An sha raina agogo mai kyau saboda rabin sani. Tsofaffin Tudor Submariner suna ɗauke da tambarin Rolex a kan saiti, da sunan Rolex a murfin baya, inji kuma na wani kamfanin ne. Haka suka fito, don Tudor ƙanen Rolex ne. Ana samun 5513 da aka buga 5512 a cikin murfinsa tun daga masana'anta, saboda samfuran biyu jiki ɗaya suke amfani da shi. Zoben 5513 da na Seiko 6309 suna juyawa hagu da dama, ba lalacewa ba ce. Zobe mai tafiya gefe ɗaya daga baya ya zama ruwan dare. Seiko mai nuna ranaku da Larabci ma ba haɗi ba ne, na kasuwar ƙasashen Larabawa ne, kuma ga agogon alhaji wannan ƙarin shaida ce ta inda ya fito. Sarƙa kuwa tun a kanti akan canza ta, don haka saɓanin shekara ɗaya ko biyu tsakaninta da jiki ba abin tayar da hankali ba ne.

Inda masana suka rabu

Masu tarawa na sahun gaba suna cewa abin da ake saya tarihi ne, ba lokaci ba, tunda waya ma tana faɗin lokaci. A wurinsu fuska mai tabo ta asali ta fi sabuwa ta kamfani, kuma baƙar fuskar da rana ta mayar ruwan ƙasa, ko zoben da ya koɗe ya yi toka-toka, ƙarin kuɗi ne. Hujjarsu ita ce ƙaranci: kayan gyara ana iya sake yin su, na asali kullum raguwa suke.

Kamfanoni da ƙwararrun masu gyara suna kallon abin ta wani gefen. Hodar da ta tsufa tana marmashewa ta faɗa cikin inji; kan saiti da ya cinye yana shigar da ruwa; agogon nutso da ba ya tare ruwa ya bar aikinsa. Rolex ya fara shirin sayar da agogunansa na hannu da takardar tabbaci a Disamba 2022, tare da garantin shekara 2. Abin da takardar ke tabbatarwa shi ne agogon na Rolex ne kuma yana aiki daidai, wanda ba daidai yake da cewa kowane sashe shi ne na ranar farko ba.

Akwai kuma masu cewa kalmar ba a taɓa shi ba, da'awa ce da ba mai iya kawo mata shaida. Longines yana ba da takarda daga kundinsa mai nuna samfuri da ranar da aka sayar da ƙasar da aka tura agogo, amma Rolex ba ya buɗe kundinsa ga jama'a, don haka jadawalin shekarun da kowa ke dogaro da shi masu tarawa ne suka haɗa shi daga agogunan da suka gani. Idan ƙwararre ya sa hannu na daidai zamani a agogo, ba wanda zai gane. Waɗannan suna ganin abin tambaya shi ne ko kayan sun dace, kuma ko an faɗa. A aikace kasuwa ta fi karkata nan, ko da bakinta yana faɗin na farko.

To nawa zai yi

Babu farashi guda, amma akwai tsarin da ragin ke bi. Roba da gilashi da mai da sifirin na cikin inji kayan ci ne, canza su ba ya rage komai a mafi yawan lokuta. Sarƙa da kan saiti suna ragewa kaɗan. Zobe da hannuwa sun fi su, musamman a Rolex, inda tsohon zobe shi kaɗai kan yi kuɗin wani agogon sukutum. Fuska da jiki su ne uwa uba: fuskar kamfani ta sabis tana rage kaso mai tsoka, mai sabon fenti ko ta kwaikwayo kuwa tana fitar da agogon daga kasuwar masu tarawa gaba ɗaya. Injin da ba na samfurin ba shi ma haka yake.

Girman ragin ya danganta da girman agogon. Tsohon 5513 harkar dubban daloli ce, masu kyau suna haura dubu 10, don haka kowane saɓani kuɗi ne mai yawa. Seiko 6309 harkar ɗaruruwan daloli ce, kuma wanda aka sa wa fuskar kwaikwayo yana nan da masu sonsa don ɗaurawa. Haɗin gambiza kuwa lissafinsa a warwatse ake yi: nawa jiki zai yi shi kaɗai, nawa inji, nawa fuska. Wani lokaci sashe guda na gaske da ke jikinsa ya fi duk abin da aka taya agogon, dalilin da ya sa dillali kan nace wa agogon da shi da bakinsa ya kushe. Farashin da ake gani a waya ma sai an tace: wanda aka sa a talla daban, wanda aka sayar daban, kuma kasuwar ta sauko tun bayan ƙololuwar da ta kai a farkon 2022.

Magada, masu saye, masu gyara

Inda abin ya fi taɓa mutane a nan shi ne rabon gado. Akan yi wa agogon mamaci kuɗi a zaune, a jingina shi ga babban ɗa a farashin kasuwar gari. Idan daga baya ya tabbata mai tsada ne, an tauye sauran magada, mata da marayu a ciki; idan kuma an yi masa kuɗin intanet alhali haɗi ne, wanda ya karɓa ne ya kwana ciki. Hotuna masu kyau na gaba da baya da gefe da tsakanin kunnuwa da inji, a nuna wa mutum biyu ko uku waɗanda ba su ne za su saya ba, suna rage wannan rigima. Rasit da kwali da tsohon hoton mamacin ɗaure da agogon duk shaida ce mai ƙara kuɗi.

Ta fuskar ciniki, hukuncin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna zaure. Risala ta hana ɓoye aibi, da cakuɗa mara kyau da mai kyau, da ɓoye duk wani abu game da haja wanda in an faɗa mai saye zai ƙi ta ko ya rage kuɗi. Canjin fuska ko inji ya shiga nan kai tsaye. Sayar da haɗin gambiza ba laifi ba ne in an kira shi da sunansa. Malaman Malikiyya sun kuma ba da damar warware ciniki ga wanda ya bayyana cewa bai san farashi ba, ya miƙa wuya ga abokin cinikinsa, aka ci da guminsa, wanda ya shafi dillalin da ke sayen agogon gado a hannun wanda bai san abin da ke hannunsa ba.

Masu gyara kuma al'adar aiki ce za ta canza musu. Kirkin da aka saba, a goge wa kwastoma agogo a sake masa fenti kyauta, yanzu ɓarna ce mai tsada, haka buɗe murfi mai ɗauri da almakashi ko kurfi. Idan canji ya zama dole, tsohon sashen na mai agogo ne, a ƙulle masa shi a leda ko da ya karye, don agogo da tsofaffin kayansa a gefe ya fi wanda aka zubar da nasa kuɗi. Sabuwar roba kuma ba ta isa shaida cewa ruwa ba zai shiga ba, sai an gwada shi a na'urar matsin iska, wadda ba kowane teburin gyara ke da ita ba. Kafin a samu wannan gwaji, mita 150 ko 200 da ke rubuce a fuska labarin ranar da aka ƙera shi ne, a cire shi kafin alwala.